Farar giyar inabi mai zaƙi-zaƙi: yaya take a baki, kuma da wane abinci take tafiya?

"Yallaɓai, barka da aiki. Wata huɗu ke nan da na fara aikin kai wa baƙi abinci a wani otal. Ni ba na shan giya, amma tana cikin abin da muke kaiwa teburi. Akwai kwalaben farar giyar inabi da aka rubuta semi-sweet a jikinsu, wasu demi-sec, wata kuma lieblich. Baƙi sukan tambaye ni yaya take a baki, ko me za su ci da ita, sai in tsaya ina kame-kame. Wani abokin aikina ya ce giyar 'yan koyo ce, a kai ta da kek a ƙarshen abinci kawai. Haka ne? Don Allah a yi min bayanin da zan gane ko da ban kai ta bakina ba."

Barka kadai, ƙanena. Idan na fahimce ka, abu biyu kake nema: ka iya kwatanta wa baƙo ɗanɗanon abin da ba ka sha, sannan ka san farantin da za ka ajiye kusa da kwalbar. Duka biyun suna yiwuwa. Na yi shekaru ina kula da ɗakin ajiyar giya na gidan abinci, kuma cikin yaran da na koya wa aiki akwai waɗanda ba su taɓa kurɓa ba, amma hancinsu da lura da fuskar baƙo sun sa sun fi wasu mashayan iya ba da shawara. Maganar abokin aikinka kuwa, rabinta ma ba daidai ba ne. Kek yana cikin abubuwan da suka fi ɓata irin wannan giyar, zan zo kan dalili.

Daga ina zaƙin yake fitowa?

Ruwan inabin da ya nuna yana ɗauke da sukari mai yawa, wajen giram 200 a lita ɗaya, wani lokaci ƙasa da haka, wani lokaci sama. Idan aka bar shi ya tsimu, yisti ne yake cinye sukarin ya mai da shi barasa da iska. A ƙiyasin masu sana'ar, duk giram 17 na sukari yana ba da kashi 1 cikin ɗari na barasa. In aka ƙyale yistin ya gama aikinsa, sukarin zai ƙare kusan ƙarƙaf, a samu giya marar zaƙi mai barasa kashi 12 ko 13. In kuwa aka katse shi a tsakiya, ta hanyar sanyaya tankin sosai, a tace yistin, a zuba ɗan sinadarin salfa don kada ya farfaɗo, to sauran sukarin zai zauna a ciki. Wannan ragowar ita ce zaƙin da ake ji. Akwai kuma wata hanya da aka sani a Jamus, inda ake barin giyar ta tsimu gaba ɗaya, daga baya a ƙara mata ɗanyen ruwan inabi da aka ajiye bai tsimu ba. Suna kiransa Süssreserve.

Wani ƙaramin abu da ke da tasiri a baki: sukarin inabi iri biyu ne, gulukos da furuktos, kuma yisti ya fi saurin cin gulukos. Saboda haka giyar da aka katse tsimuwarta, yawancin abin da ya rage mata furuktos ne, wanda ya fi zaƙi a harshe kuma yake ba da ɗanɗano irin na 'ya'yan itace sabbin tsinka.

Tarayyar Turai ta yanka wa abin iyaka da lambobi. Giyar da sukarinta bai wuce giram 4 a lita ba, ko 9 idan tsaminta yana da ƙarfi, ita ce marar zaƙi, wadda Jamusawa ke rubuta wa trocken, Faransawa sec. Daga nan zuwa giram 12, ko 18 idan tsami ya tallafe ta, ita ce halbtrocken ko demi-sec. Daga nan har zuwa 45 ita ce lieblich ko moelleux, kuma yawancin kwalaben da ka ga an rubuta semi-sweet nan suke faɗawa. Abin da ya kai 45 ya wuce ya shiga sahun mai zaƙi sosai. Ka ga ke nan kwalaben nan uku da ka lissafa ba lallai su zama abu ɗaya ba, demi-sec ɗin tana iya kasa lieblich zaƙi da ninki biyu ko uku. Ka kuma yi hattara da mai kumfa irin su shamfen: a can ma'aunin daban ne, demi-sec tana nufin giram 32 zuwa 50.

Don ka ji girman lambobin, Coca-Cola tana da sukari sama da giram 100 a lita. Kofin giya na mililita 150 daga kwalba mai giram 30 a lita, sukarin cikinsa giram 4 da rabi ne, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Shi ya sa nake ce mata mai zaƙi-zaƙi.

Tsami ne ke riƙe da ita

Nan ne gundarin maganar. Lambar sukari ita kaɗai ba ta gaya maka yadda giya za ta kasance a baki. Harshe yana jin zaƙi ne gwargwadon tsamin da ke tare da shi. Kwalba biyu suna iya samun sukari daidai wa daida, ɗaya ta ginshi mutum tun a kofi na farko, ɗayar kuma ya sha ya ji bakinsa wasai yana neman ƙari.

Ga gwajin da nake sa sababbin yara su yi a kicin, babu giya ko ɗigo. Ka auna ruwa lita ɗaya mai sanyi, ka narkar da ƙananan cokula bakwai na sukari a ciki. Ka raba gida biyu. Ka matse rabin lemun tsami a ɗaya, ɗayan ka bar shi haka. Kurɓi marar lemun: zaƙin zai kwanta maka a harshe, ya yi nauyi, bayan kurɓa uku ka gaji da shi. Kurɓi mai lemun: sukarin bai ragu ko ƙwaya ba, amma za ka rantse an rage, yawu zai tsinke maka a gefen harshe, bakin ya wanke. Na farkon shi ne kwatancin giya mai zaƙi-zaƙi ta banza, na biyun kuma ta kirki. Kada ka zubar da su tukuna, za mu sake komawa kansu.

Inabin da ya fi shahara da wannan daidaito shi ne Riesling, musamman na kwarin kogin Mosel a Jamus. Wurin yana da sanyi, gonakin suna manne a jikin tsaunuka masu gangara ƙwarai, har akwai gonar Calmont kusa da garin Bremm da gangararta ta kai wajen digiri 65. Inabin yana nuna a hankali, tsaminsa ba ya zubewa. Ba abin mamaki ba ne ka sami Riesling ta Mosel mai sukari giram 40 ko fiye, barasarta kashi 8 kacal, amma a baki ta yi sakayau. Ƙamshinta na koren tuffa ne da lemun tsami, wani lokaci da furanni. In ta kwana biyu a kwalba, shekaru nake nufi, sai ta ɗauko ƙamshin zuma da wani ɗan wari kamar na kananzir. Kada ka tsorata in baƙo ya ambaci wannan, ba lalacewa ba ce, masu son Riesling ma nemansa suke yi.

A jikin kwalaben Jamus za ka ga Kabinett, Spätlese, Auslese. Dokar giya ta 1971 ce ta tsara su, kuma abin da suke nunawa shi ne yawan sukarin inabin a ranar da aka tsinke shi, ba na cikin kwalba ba. Shi ya sa ake samun Spätlese da aka rubuta wa trocken, marar zaƙi. In babu wannan kalmar, ka ɗauka tana da zaƙi. Spätlese na nufin tsinkar da aka makara, kuma labarin da ake bayarwa shi ne a 1775 ɗan aiken da zai kawo izinin fara girbi daga garin Fulda zuwa gonar Schloss Johannisberg ya yi jinkiri a hanya, inabin ya wuce nuna har ya fara ruɓewa, aka matse shi a haka, sai ga giya ta fi ta kullum daɗi.

Ta biyu da ya kamata ka sani ita ce Vouvray, daga kwarin Loire kusa da birnin Tours a Faransa, da inabin Chenin Blanc ake yin ta. Ita ma tsaminta kaifi gare shi, amma ta fi Riesling jiki, ƙamshinta na dafaffen tuffa da zuma. Gewürztraminer ta yankin Alsace na Faransa kuwa halinta daban: ƙamshin fure ne mai cika hanci, kamar an buɗe turaren wardi, tsaminta kaɗan, barasarta takan kai 13 ko 14. Ko sukarinta bai taka kara ya karya ba, hanci yakan yaudari harshe a ji kamar tana da zaƙi. Ƙasar Jojiya ma tana da tata, Tvishi, daga inabin Tsolikouri. Moscato d'Asti ta Italiya da mutane ke sakawa a wannan layi, gaskiya ta wuce nan, sukarinta yakan haura giram 100, barasa wajen kashi 5 da rabi.

Sunan "giyar 'yan koyo" da abokinka ya faɗa yana da asali. A shekarun 1970 da 1980 an cika kasuwannin Ingila da Amurka da wata farar giyar Jamus da ake kira Liebfraumilch, irin su Blue Nun, mai sauƙin sha, yawanci daga inabi mai yawan 'ya'ya kamar Müller-Thurgau, zaƙi ya fi tsami. Da yayinta ya wuce sai baƙin jinin ya shafi duk wata farar giya mai zaƙi, har da waɗanda ba su ci ba ba su sha ba.

Dabarar da ta fi yi min amfani in an kawo kwalbar da ban sani ba: in juya ta in duba lambar barasa. Farar giya mai kashi 8 ko 9, kusan tabbas akwai sauran sukari a cikinta, domin yisti bai gama ci ba. Mai 12 da rabi zuwa sama, galibi ya cinye. Gewürztraminer ce ke yawan karya wannan lissafi, tana iya haɗa barasa mai yawa da zaƙi tare.

Abincin da take so

Koma kan kofunanka biyu. Ɗauki mai lemun, ka tauna wani abu mai barkono sosai, ka kurɓa. Za ka ji zafin ya ɗan lafa. Wannan shi ne babban aikin giya mai zaƙi-zaƙi a teburi, kuma a nan babu mai kama ƙafarta. Sinadarin da ke sa barkono zafi, kafsaisin, yana taɓa jijiyoyin da ke jin zafin wuta ne a baki. Barasa tana ƙara wa waɗannan jijiyoyi saurin ji, shi ya sa jar giya mai kashi 14 da rabi a kan abinci mai yaji kamar zuba fetur a wuta ne, ga kuma baurinta da ke ƙara fitowa. Riesling mai kashi 8 kuwa ta haɗa abu uku da bakin da ke raɗaɗi yake so: barasa kaɗan, sanyi, da ɗan sukari. Ko Wilbur Scoville da ya ƙirƙiro ma'aunin zafin barkono a 1912, da ruwan sukari yake tsarma barkonon har sai masu ɗanɗanawa sun daina jin zafi.

Saboda haka in baƙo ya yi odar abincin Tailan, kamar koren kori mai madarar kwakwa ko kwaɗon ɗanyar gwanda da suke kira som tam, ko korin Indiya, ko girkin Sichuan na ƙasar Sin, kai tsaye ka nuna masa Kabinett ko Vouvray demi-sec. Abincin Tailan ya fi kowanne dacewa a ganina, domin shi kansa an gina shi ne a kan zaƙi da tsami da gishiri da yaji a faranti ɗaya, giyar tana shigowa kamar ɗaya daga cikin kayan haɗin. Amma kada ka yi wa baƙo alƙawarin da ya wuce kima. In barkonon ya kai inda hawaye ke zuba, babu giyar da za ta kashe shi, madara ko yogot sun fi ta aiki nesa ba kusa ba, kuma ɗanɗanon giya mai tsada asararsa za a yi.

Na biyu gishiri. Gishiri yana tausasa tsami ya fito da ɗanɗanon 'ya'yan itacen da ke cikin giya, zaƙi kuma yana rage kaifin gishiri. Kyafaffen kifi, naman da aka adana da gishiri, miyar waken soya ta girkin Asiya, duk suna tafiya da ita. Cuku ma haka, kuma mutane da yawa suna mamaki in na ce farar giya mai ɗan zaƙi ta fi ja dacewa da yawancin cuku. A Alsace, cukunsu mai ƙarfin wari da ake kira Munster da Gewürztraminer ake cin sa tun da daɗewa. Cuku mai shuɗin jijiya irin Roquefort, gishirinsa ya yi yawa, yana buƙatar wadda ta fi zaƙi, Auslese ko Sauternes, giyar Faransa mai zaƙi sosai.

Na uku maiƙo. Gasasshiyar agwagwa, hantar da aka niƙa da man shanu, naman alade ga masu cinsa kamar yadda ake yi a Jamus, kaza a miyar kirim. A nan tsami ne ke aiki, yana yanke maiƙon ya wanke baki kafin loma ta gaba, zaƙin kuma ya yi aikin da miyar tuffa ko ta lemu take yi a gefen irin wannan nama. Gewürztraminer ba ta cika yin wannan da kyau ba saboda ƙarancin tsaminta, ta fi son abinci mai ƙamshin citta da kayan ƙamshi. Haka duk abincin da kuku ya sa wa ɗan zaƙi a girki, nama da abarba, jatan lande da mangwaro, albasar da aka soya har ta yi zaƙi, karas ko kabewa da aka gasa. Giya marar zaƙi a kansu sai ta koma kamar ruwan tsami.

Inda take faɗuwa

Yanzu ɗauki kofin nan mai lemun, ka gutsiri kek mai sukari a kai, ka tauna, ka kurɓa. Zaƙin ruwan zai ɓace ɓat, tsami kawai zai rage, har ka yamutsa fuska. Harshe ya riga ya saba da zaƙi mai yawa, ƙaramin ba ya jinsa. Ƙa'idar ita ce giya ta kai abincin zaƙi ko ta fi shi.

Ni da kaina na koyi wannan da kunya. A farkon aikina an yi wata liyafar dare a otal ɗin da nake, mutum wajen arba'in, aka bar min zaɓin giyar ƙarshe. Na ga Spätlese mai kyau a ajiya, na ce ai mai zaƙi ce, ta dace da kek ɗin cakulan da kuku ya yi. Ba a yi minti biyar ba wata dattijuwa ta ɗaga hannu, ta turo min kofinta da yatsa biyu ta ce giyar ta lalace. Na buɗe wata kwalbar, ita ma aka ce haka. Sai da babban kuku ya ja ni bayan ƙofa, ya ba ni ruwa na kurkure baki, ya ce ɗanɗana yanzu. Lafiyarta ƙalau. Ya miƙo min cokalin kek, ya ce sake. Kamar an matse lemun tsami a ruwa. Bai ƙara ko kalma ba, ya koma kan tukunyarsa.

In dole sai an kai ta da abin zaƙi, a nemi marar nauyi: yankakkun 'ya'yan itace, gasasshen tuffa da ba a cika wa sukari ba, biskit marar zaƙi sosai. Cakulan da ayis kirim da kek mai kirim, a bar wa masu zaƙi na gaske.

Gasasshen naman sa mai kauri ma ba abokinta ba ne, ya fi ƙarfinta, yana son jar giya mai bauri da za ta kama kitsen. Taliya a miyar tumatir mai yawa takan sa zaƙin ya yi banbaraƙwai. Ɗanyar kawa da farin kifin da aka dafa da gishiri da lemun tsami kawai, sukari yana danne ɗan ɗanɗanon da suke da shi, marar zaƙi ta fi.

Sanyi da kofi

Ka kai ta da sanyi, tsakanin digiri 7 da 10. Sanyi yana rage jin zaƙi ya fito da tsami, ɗumi kuma yana yin akasin haka, shi ya sa kofin da ya daɗe a teburi yake komawa kamar ruwan alewa. Firij yakan fi haka sanyi, don haka ka fito da kwalbar kamar minti goma kafin a zuba, in ba haka ba ƙamshin zai ƙi tashi. Marar tsami sosai, ka bar ta a bokitin ƙanƙara, sanyin zai rufa mata asiri. Kada ka cika kofi, kashi ɗaya cikin uku ya isa, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan don kada ta yi ɗumi a hannu. Kwalbar da aka buɗe, in an toshe ta an mayar firij, takan yi kwana uku zuwa biyar ba ta canza ba.

Abu biyu kuma da aikinka ya ɗora maka. Zaƙi yana ɓoye barasa, baƙo yakan sha da sauri kamar lemo, musamman mai kashi 12 ko 13, don haka ka ajiye ruwa a teburin kuma ka lura da saurin da kwalba ke sauka. In kuma baƙo ya ce maka yana da ciwon suga, ka gaya masa gaskiya cewa akwai sukari a ciki, ka bar masa zaɓi.

Duk abin da na faɗa maka, harsuna ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ya taso da barkono har yana son giyar da za ta ƙara masa zafin, akwai wanda ko giram 10 na sukari ya ji sai ya ture kofi. Na taɓa samun baƙon da duk zuwansa Liebfraumilch yake sha da gasasshen naman sa, kuma yana tashi da murmushi. Ban taɓa gyara masa ba. Abin da nake yi in mutum ya tambaye ni shi ne in fara tambayarsa me ya yi oda, da yaji ko babu, sannan in ce masa: "Wannan tana da ɗan zaƙi a farkon kurɓa, kamar tuffa da zuma, amma tsaminta yana wanke baki a ƙarshe, barasarta kuma ba ta da yawa." In ya yi shiru yana tunani, sai in zuba masa ɗan kaɗan a kofi ya ɗanɗana bayan ya kai lomar farko, ba kafin ba. Ka nemi izinin manajanku a kan wannan, yawancin gidajen abinci suna yarda da shi ga kwalaben da ake sayarwa kofi-kofi.